Amsa kan 'yar ruwa da sunayenta a harsuna

'Yar'uwa, kin tambaya ko 'yar ruwan da muke ji a bakin kakanni ita ce Mami Wata, da kuma yadda wasu al'ummomi ke kiranta. Na yi shekaru ina sarin busasshen kifi a Yawuri, kuma a duk hirar da na yi da Sarkawa masunta ban taɓa jin wanda ya ce 'yan ruwa suna da jelar kifi ba. A wurinsu iskoki ne masu gida a ƙarƙashin gurbi mai zurfi, waɗanda ke jan wanda ya shiga ruwa da tsakar rana, shi ya sa ake hana yara wanka a lokacin. Zabarmawa da Songhai su ma suna da Harakoi Dikko, uwar kogin Kwara.

Siffar rabi mace rabi kifi baƙuwa ce, ta bakin teku ta shigo mana. Sunan Mami Wata kansa buroka ne, kuma hotonta da ya fi yaɗuwa, na mace mai yalwar gashi riƙe da maciji, asalinsa zanen wata mai wasa da macizai ne da aka buga a Hambag ta Jamus a ƙarshen ƙarni na 19. Larabawa suna cewa arusatul bahri, wato amaryar teku, Japanawa kuwa ningyo, mutum-kifi. Yemoja, uwar ruwa ta Yarabawa, ta ƙetara har Barazil tare da bayi, inda ake yi mata biki a birnin Salbado kowace ranar 2 ga Fabrairu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kalmar Sawahili, nguva, domin ita ce sunan 'yar ruwa, ita ce kuma sunan ɗan'uwan ayu na teku. Sau ɗaya na ga ayu da idona, da almuru, ya ɗago hanci ya shaƙi iska ya nutse, sai mai kwalekwalenmu ya tsayar da filafili ya yi shiru. Daga baya ya gaya mini cewa macen tana da nono a hammata, tana shayar da ɗanta kamar mutum. Irin wannan ayun ne Kolombos, Baturen matuƙin jirgin ruwa, ya gani a Janairun 1493 kusa da tsibirin Hisfaniyola na yankin Karibiyan, har ya rubuta cewa 'yan ruwan ba su kai kyawun da ake zana su da shi ba. Sarkawa dai ba sa haɗa biyun: ayu nama ne mai kitse da ake sayar da mansa a kasuwa, 'yar ruwa kuwa ko sunanta ba sa son a ambata a cikin jirgi.