Yadda AutoCAD zai riƙa ɗora fayilolin LISP da kansa

Malam, ka ce ka gaji da jawo fayil ɗin LISP ɗinka (ƙaramin shiri da ke ƙara wa manhaja sababbin umarni) cikin manhajar zane ta AutoCAD duk lokacin da ka buɗe zane. Abin ba wuya.

Hanya mafi sauƙi, rubuta umarnin APPLOAD a layin umarni na AutoCAD, ka duba ƙasa wajen Startup Suite, ka danna Contents ka ƙara fayil ɗin. Shi ke nan. Amma ni ban cika dogaro da ita ba, don da na sauya kwamfuta sai da na sake jera komai daga farko.

Abin da nake yi shi ne in buɗe Notepad in ƙirƙiri fayil mai suna acaddoc.lsp, in sa layi ɗaya ga kowane fayil, kamar haka:

(load "katanga.lsp")

Sai in ajiye su duka a folda ɗaya, in shiga OPTIONS, shafin Files, in ƙara foldar a Support File Search Path da kuma Trusted Locations. In ka manta na biyun, gargaɗin tsaro zai yi ta fito maka, abin da aka shigo da shi tun sigar 2014.

Kada ka ruɗe da acad.lsp. Shi sau ɗaya yake ɗoruwa, lokacin da manhajar ta tashi, sai dai in ka mayar da saitin AutoCAD mai suna ACADLSPASDOC zuwa 1. Shi kuwa acaddoc.lsp kowane zane ka buɗe zai bi shi, wanda shi kake nema.

Af, in AutoCAD LT (ƙaramar sigar AutoCAD) kake amfani da ita, sai daga sigar 2024 ta fara karɓar LISP.