Ɗana ya iya ƙirga da Turanci, amma bai iya cewa "ba ni ruwa" ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni tela ce, a cikin gida nake ɗinki a nan Zariya. Ɗana na fari shekararsa biyu da wata huɗu. Tun yana wata takwas nake kunna masa katun a wayata don in samu in zauna kan keke, musamman lokacin ɗinkin sallah. Yanzu ko abinci ba ya ci sai waya na gabansa, in na karɓe kuwa ya yi ta birgima har muryarsa ta dishe. Yana bin waƙoƙin katun, yana ƙirga ɗaya zuwa goma da Turanci, amma in yana jin ƙishi sai dai ya ja hannuna zuwa randa. Kalmomin da yake faɗa da Hausa ba su wuce biyar ba. Surukata ta ce in kwantar da hankalina, babansa ma sai da ya shekara uku bakinsa ya buɗe. Maƙwabciyata kuma ta ce waya ta riga ta lalata masa ƙwaƙwalwa. Anti, barci ya ƙaurace mini. Ni na jawo masa wannan?

Daga wata uwa, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki. Bari in fara da abin da ya hana ki barci: ƙwaƙwalwar yaronki ba ta lalace ba. Uwar da ta miƙa wa ɗanta waya don ta samu ta nemi na tuwo ba mai laifi ba ce. Sai dai ba zan ce miki ki naɗe hannu ki jira shekara uku ba. Hajiya surukarki ta faɗi abin da ta gani ne a kan ɗanta, kuma gaskiya akwai yaran da bakinsu kan yi nauyi daga baya su ware. Amma ba kowane yaro ba ne, kuma ba a gane wanda zai ware da wanda ke buƙatar taimako ta hanyar zura ido. Yawancin yara in sun cika shekara biyu suna haɗa kalma biyu, "Mama zo", "ba ni", "babu ruwa". Zuwa shekara biyu da rabi kalmominsu kan kai hamsin ko su haura. Biyar ta yi kaɗan a shekarunsa.

Ƙirgan nan na Turanci kuwa, na san yana faranta rai in baƙi sun zo. Amma hadda ce. Ya ji sautin sau ɗari ya riƙe, kamar yadda ke ma za ki iya bin waƙar Indiya ba tare da kin san me ake cewa ba. Magana ita ce yaro ya ji ƙishi, ya nemo kalmar a kansa, ya dubi fuskarki ya faɗa, ya ga kin tashi kin ɗebo. Wannan ba a koyon sa daga allon waya, domin waya ba ta jiran amsa.

Akwai wani gwaji da nake yawan ba iyaye labarinsa. A 2003, wata masaniya mai suna Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington da ke Amurka suka ɗauki jarirai 'yan wata tara waɗanda Turanci kaɗai suke ji a gida. Aka riƙa zaunar da wasu gaban mutum yana musu wasa yana karanta musu littafi da Sinanci, zama 12. Wasu kuma aka nuna musu irin wannan darasin a talabijin, wasu aka kunna musu muryar kawai. Da aka gwada su, waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun iya bambance sautukan Sinanci. 'Yan talabijin da 'yan murya ba su tsinci komai ba, kamar ba a yi ba. Darasi ɗaya ne, harshe ɗaya. Bambancin kawai akwai mutum a ɗakin da ke kallon inda jaririn ke kallo.

Na ga wannan da idona a tsakar gidanmu. Jikata na da wata goma sha huɗu, tana zaune kusa da mahaifiyata tana tsince wake a faifai. Yarinyar ta nuna kaza ta ce "ka". Tsohuwa ta ɗaga kai ta ce, "Eh, kaza ce. Kazar wa? Kazar Inna. Kore ta, za ta ci mana wake." Yarinyar ta ɗaga hannu ta ce "ka!" da ƙarfi, tsohuwa ta yi dariya ta ce "Yawwa, ta gudu." Abin bai ɗauki minti ɗaya ba, amma an yi musayar magana sau huɗu, kuma kowace kalma ta zo daidai lokacin da idon yarinyar ke kan kazar. Irin wannan ne ke gina harshe, sau ɗaruruwa a yini. Duk awar da ɗanki ya yi da waya, awa ce da aka zare daga cikin wannan. Babbar ɓarnar waya ke nan a wurina, abin da take hana yaro samu.

Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara biyu gaban waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Wani bincike da aka yi a Japan kan yara fiye da 7,000, aka wallafa a 2023, ya nuna cewa waɗanda ke kallo awa huɗu ko fiye a yini suna 'yan shekara ɗaya sun fi sauran fuskantar jinkirin magana da suka kai shekara biyu da huɗu. Binciken ya nuna alaƙa ne, bai ce waya ce kaɗai sanadi ba. Wani lokaci ma yaron da ke da wata matsala tun asali shi aka fi miƙa wa waya, saboda ita ce ke sa shi shiru.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake so ki yi kafin komai: a gwada jinsa. Kada ki ce ai yana jin waƙa. Yaro na iya jin ƙarar waya da ke manne da fuskarsa amma ya kasa tantance maganar da ake yi daga bakin ƙofa. Ki tuna, ya taɓa ciwon kunne mai fitar da ruwa? Ya yi ƙyanda ko sanƙarau? Ya yi shawara mai tsanani yana jariri? Duk waɗannan kan taɓa ji, kuma ba baƙi ba ne a ƙasarmu. Ki kai shi wurin likitan yara a asibitin koyarwa na Shika, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Ki gaya wa likita ko yana waiwayowa in an kira sunansa, ko yana nuna abu da yatsa, ko yana kallon idonki, ko yana kawo miki abin wasa don ki gani. Amsoshin nan ne za su nuna ko jinkirin baki ne kawai ko akwai alamun galahanga (autism), wato lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane. Kowanne ne, farawa da wuri ya fi amfani.

A gida kuma, kada ki ce za ki raba shi da waya gaba ɗaya a rana ɗaya ana tsakiyar aiki, ba za ki jure ba. Ki fara da wuri biyu: lokacin cin abinci da awa ɗaya kafin barci. Yaron da ke ci idonsa na kan katun ba ya lura da ƙoshinsa, haɗiya kawai yake yi. Hasken allo da dare kuma yana jinkirta barci, alhali yaro mai shekarunsa na buƙatar awa 11 zuwa 14 a yini, har da na rana. Zai yi kuka, zai yi birgima, wataƙila ya ƙi cin abinci sau ɗaya ko biyu. Ki daure, ki rungume shi, kada ki mayar masa. In kika mayar a rana ta biyu, kin koya masa cewa doguwar birgima ita ke kawo waya. Ki shawarci maigida da Hajiya tun kafin ki fara, don kada ki hana wani ya miƙa.

Lokacin ɗinki, ki shimfiɗa masa tabarma kusa da keke, ki ba shi kwando cike da guntayen atamfa, da murafun tukwane da ludayi. Allura, almakashi, reza da maɓallai su hau sama, maɓalli kan maƙale a maƙogwaron yaro. Ki riƙa yi masa surutu kina taka keke: "Wannan ja ne. Miƙo mini ja. Yawwa, ɗan albarka." In ya ja ki zuwa randa, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki riƙe kofin ki ce "Ruwa?" sannan ki yi shiru ki ƙirga biyar a zuci. Ko "wa" ya ce, ki amsa da murna, "Eh, ruwa, ga ruwa," ki ba shi. Kada ki hana shi sha don bai faɗa ba. Kuma ki yi masa da Hausa, harshen da bakinki ya fi sakewa da shi. Turanci zai same shi a gaba, jin harshe biyu ba ya sa yaro jinkirin magana.

In akwai yara a gidan ko maƙwabta, ki sake shi cikinsu ya yi wasan ƙasa ya yi guje-guje. Talabijin da ke kunne ba mai kallo, a kashe shi, domin manya kan rage magana da yaro in yana kunne. Kiran bidiyo da babansa in ya yi tafiya, ko da kakarsa, wannan babu laifi, akwai mai amsa masa. Awa ɗayan kallo da aka yarda masa a yini, ki zaɓi shiri mai tafiya a hankali, ki zauna tare da shi ko na minti goma ne kina tambayarsa me ya gani.

Ki samu ƙaramin littafi, irin wanda kike rubuta awon masu ɗinki, ki rubuta kalmomi biyar ɗin nan da kwanan watan yau. Duk sabuwar da ta fito ki ƙara a ƙasa. Ki tafi da shi wurin likita, sannan bayan wata ɗaya ki sake rubuto mini in ji nawa suka zama da abin da aka ce game da kunnensa. Allah Ya raya mana shi, Ya buɗe bakinsa da alheri.