Zuwa ga 'yata mai ɓoye waƙoƙinta a waya

Salamu alaikum 'yata, ya karatu? Na ga saƙonki, kin ce kina tsara waƙoƙi ki rera a hankali ki ɗauka a waya in kowa ya yi barci, ko ƙawarki ba ki taɓa jiyar wa ba, kuma kina tambaya wai da gaske ne a gidanmu ba a waƙa.

To ki saurara. Abin da iyayenmu suka ƙyamata roƙo ne. A da kiɗa sana'a ce ta gado kuma kowane makaɗi da iyayen gidansa, kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, kotso da taushi na fada, tambari kuwa sai sarki. Makaɗi zai wasa mutum a taro a ba shi riga ko doki, wanda ya hana kuma ya sha zambo, shi yasa ake son waƙarsu ana kuma tsoron bakinsu, in maganar aure ta taso sai kiji ana ta tambayar asali. Tsoron nan da kike ji daga can ya gangaro.

Amma cikin gida fa? Wallahi kakarki, Allah ya jiƙanta, bata taɓa durƙusawa gaban dutsen niƙa bakinta a rufe ba, tana niƙa gero tana rerawa, abin da bazata iya faɗa wa kakanku ido da ido ba sai ta saka shi a waƙar, shi kuma yana zaure yana ji sarai amma bazai tanka ba. Ga waƙar daɓe, ga ta reno, ga shantu a ɗakin amarya, ga gaɗa a dandali in wata ya fito, babu wanda ya ce mana maroƙa don ba mu miƙa wa kowa hannu ba.

Shata ma ai ba ɗan gado bane, a Musawa mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba ko kaɗan, amma a 1988 jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin dakta na girmamawa. Ta fannin addini kuma malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, wannan ki tambayi malaminku na Islamiyya, sai dai Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙa ta karantar da mata har ƙauyuka.

Ni abin da yafi taɓa ni cewa da kika yi kina tsoron a yi miki dariya. Dole kiji haka, don abin da ke ranki ne kika zuba a ciki, in aka raina waƙar ke aka raina. Saboda haka ba kowane kunne zaki fara kai wa ba. Dan Allah kar ki fara da TikTok, mutanen can basu san ki ba kuma basa tausayi, sannan babanki ya ji daga bakinki ya fi ya tsinci zancen a majalisa, kin dai san halin yayana.

Ki turo min guda ɗaya ta WhatsApp, wadda kika fi so, ni kaɗai zan ji. In na zo bikin sallah sai mu zauna da mamanki tukuna, shi kuma babanki ki bar min shi. Ki gaishe da ƙannenki.

Gwaggonki