Hukuncin Karanta Waƙoƙin Jarumtar Girkawa da Rumawa Masu Ambaton Alloli da Ƙaddara

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a sashen adabi na wata jami'a. A wannan zangon an ɗora mana Iliyad da Odisi na Homa, da Iniyad ta Birjil. Tun baitin farko mawaƙin yake roƙon wata "allahiya" ta sa masa waƙa a baka, daga nan kuma sai alloli suna ta rikici da juna. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ana koya mana cewa "ƙaddara ta fi ƙarfin alloli", kuma haka za mu rubuta a jarrabawa. Ya halatta in ci gaba, ko in ajiye kwas ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, kada ka ajiye kwas ɗinka. Karatun ya halatta ga wanda ya san tauhidinsa, bisa iyakokin da zan kawo.

Iliyad da Odisi waƙoƙin baka ne na Girkawa da ake jingina wa Homa, wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ta farko ta haura baiti 15,000, ta biyu ta haura 12,000. Birjil kuwa Barume ne, ya rasu shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa bai gama gyara Iniyad ba, sarki Ogastas ya sa aka fitar da ita. Waƙar mutanen jahiliyya ce ke nan, kuma hukuncin irinta sananne ne. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya goya Sharid bin Suwaid a bayan abin hawansa, ya nemi ya rera masa waƙar Umayya bin Abis Salt, yana ta cewa ya ƙara har ta kai baiti 100, alhali Umayya bai musulunta ba. Mu ma a zaure mun karanta Shu'ara, littafin waƙoƙin Larabawan jahiliyya, a gaban malamanmu, da Imru'ul Ƙais da giyarsa da matansa, babu wanda ya ce mun fita daga addini. Shahrastani, wanda ya rasu a 548 bayan Hijira, ya kawo maganganun hikima da ake jingina wa Homa a littafinsa na addinai da ƙungiyoyi. Ƙa'idar malamai ita ce mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Alƙur'ani da kansa ya hakaito faɗin Fir'auna cewa shi ne ubangiji mafi ɗaukaka, muna kuma karanta ayar a cikin salla.

Batun allolin ba zan daɗe a kansa ba, don ban taɓa jin Musulmin da ya karanta Iliyad ya tashi yana bauta wa Ziyus, shugaban allolin Girkawa, ba. Alloli ne masu kishi da ƙarya da cin amanar aure, wasu na bayan Girkawa wasu na bayan mutanen Turoi, birnin da Girkawa suke yaƙa a cikin Iliyad. Ka karanta Suratul Mu'minun aya ta 91, inda Allah ya ce da akwai wani abin bauta tare da shi, da kowanne ya tafi da abin da ya halitta, kuma da sashensu ya rinjayi sashe. Sai ka ga kamar waƙar sharhin ayar take yi.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne kalmar da ake fassara muku da "ƙaddara". Girkawa suna ce mata moira, ma'anarta rabo ko kaso. Daga baya suka siffanta ta da mata uku, ɗaya tana kaɗa zaren rayuwa, ɗaya tana aunawa, ɗaya tana yankewa. Rumawa suna cewa fatum, wato abin da aka riga aka furta. A babi na 16 na Iliyad, Ziyus ya ga ɗansa Sarfedon zai mutu, ya so ya tsame shi daga fagen fama, matarsa Hera ta tsawatar masa cewa mutum ne da rabonsa ya riga ya tsaga, sai ya haƙura. A babi na 22 kuma ya ɗauko ma'aunin zinariya don ya ga wanda zai mutu tsakanin Akilis, jarumin Girkawa, da Hekta, jarumin Turoi. Wanda sai ya auna kafin ya sani, ina shi ina ubangijintaka? Ƙaddarar da muka yi imani da ita ilimin Allah ce, da rubutunsa, da nufinsa, da halittarsa. Aikinsa ce, babu wani abu da ke sama da shi, kuma cike take da hikima. Tasu makauniya ce, ta fi kusa da abin da Larabawan jahiliyya ke kira dahr, waɗanda Suratul Jasiya aya ta 24 ta hakaito suna cewa babu mai halaka su sai zamani. Zuhair, mawaƙin jahiliyya, ma ya kamanta mutuwa da taguwa mai dundumi, wanda ta taka ya mutu, wanda ta kuskure ya tsufa. Don haka jumlar da kake tsoro, idan ana nufin moira ta fi ƙarfin gumakan Homa, bayanin abin da ke cikin littafi ne. Da za a nufi Allah da ita, da ta zama kafirci.

Sai abu na biyu, wanda ya fi kusa da mu, wato fakewa da ƙaddara. A babi na 19 na Iliyad, Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa, wanda ya ƙwace wa Akilis kuyangarsa har aka yi asarar rayuka masu yawa, ya yi magana a gaban runduna ya ce ba laifinsa ba ne, Ziyus da moira ne suka rufe masa ido. Irin hujjar mushirikai ce a Suratul An'am aya ta 148, cewa da Allah ya so da ba su yi shirka ba. Iniyas ma, jarumin Iniyad, da zai bar masoyiyarsa sarauniya Dido a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, ya ce mata ba da son ransa yake neman Italiya ba, ita kuma ta kashe kanta. Ka lura Birjil yana rubutu ne a zamanin Ogastas, har ya sa Jubita, shugaban allolinsu, ya yi wa Rumawa alkawarin mulki mara iyaka. Mai mulki yana son a ce sarautarsa rubutacciya ce. Mu kuwa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba ne, ba a kan saɓo ba. Da Umar (RA) ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Adalci ne in faɗa maka Homa bai bar maganar haka ba, domin a farkon Odisi ya sa Ziyus yana kukan cewa mutane na ɗora wa alloli laifi, alhali gangancinsu ne ke ja musu wahala fiye da rabonsu.

Jarumtar ma ka auna ta. Akilis ya ce mahaifiyarsa ta sanar da shi hanya biyu: ya tsaya a Turoi ya mutu da ƙuruciya sunansa ya dawwama, ko ya koma gida ya tsufa babu suna. Ya mutu a Turoi. A hadisin Muslim, cikin mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar alƙiyama akwai wanda ya yi yaƙi don a ce jarumi ne, kuma an faɗa. A Odisi kuma an nuna Akilis a cikin matattu yana cewa gara ya zama ɗan ƙodagon talaka a duniya da ya mulki matattu duka. Abin kirkin da ka gani ka ɗauka, kamar Iniyas da ya goya tsohon mahaifinsa ya fitar da shi daga gari yana ci da wuta, ko tsoho Firiyam, sarkin Turoi, da ya sumbaci hannun Akilis wanda ya kashe masa ɗansa Hekta don a ba shi gawar. Annabi (SAW) ya ce lalle daga cikin waƙa akwai hikima.

Iyakokin kuwa ga su. A jarrabawa ka jingina magana ga mai ita, ka ce "a wurin Homa" ko "a aƙidar Girkawa". Idan aka ce ka tsara taka waƙar a kan salonsu, kada ka buɗe da kiran allahiyar waƙa, domin wannan roƙon wanin Allah ne da bakinka, ya wuce hakaitowa. Sunanta da Latin Musa, kada ya ruɗe ka, ba shi da alaƙa da Annabi Musa (AS). Kada ka rantse da su ko da wasa, kuma idan wasan kwaikwayo za a yi, ka nemi a ba ka wani matsayi ban da na abin bauta ko mai yi masa sujada. Kada kuma karatun ya cinye lokacin Alƙur'aninka. Malaman tafsiri sun ambaci Nadru bin Haris a ƙarƙashin aya ta 6 ta Suratu Luƙman, wanda yake tara Ƙuraishawa da labaran Rustum da Isfandiyar, jaruman Farisa, don ya kau da su daga sauraron Annabi (SAW). Niyyarsa ce ta halaka shi. Ƙaramin yaro da bai gama sanin tauhidi ba, ba a sakar masa waɗannan labarai sai da babba a kusa mai yi masa bayani. Idan wata shubuha ta maƙale maka a zuci, ka kai ta ga malami tun tana ƙarama.

Allah ne mafi sani.