Amsa: Wace tawadar sabilimeshan ce za ta shiga ƙaramar firinta?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana da Canon G3411 da Epson L3210 da ta yi wata shida tana aiki da tawadarta ta asali, kana so ka fara buga kofuna da riguna a nan Jos da tawadar sabilimeshan, wato wadda zafi ke mayarwa tururi ta shige jikin kaya, kuma mai shago ya ce maka akwai tawadar da ke shiga kowace firinta.

Canon ɗin dai ka bar ta a kan aikin takardu. Ƙananan Canon da HP dumama tawada suke yi a cikin hed, wato kan da ke fesa tawada a takarda, kafin su feso ta, ita kuwa tawadar sabilimeshan zafi ne ke tayar da ita, sai ta lalace a ciki ta toshe hed ɗin. Hed ɗin Epson ba ya amfani da zafi, matso tawadar yake yi ta hanyar fiyezo, wani ɗan abu da ke motsawa in lantarki ya taɓa shi. Shi ya sa kusan duk mai wannan sana'a za ka same shi da L3210, L805, L8050, ko L1300 da L1800 in yana son babbar takarda ta A3. Saboda haka kwalbar da aka ce tana shiga kowace firinta, tawadar takarda ce. Ka duba a jikin kwalba an rubuta sabilimeshan kuma an ce ta Epson ce. Kar kuma a haɗa ka da ta DTF (wadda ake bugawa a leda a manna wa riga) ko figimen (mai garin launi), kowacce da aikinta.

L3210 kala huɗu take ci: baƙi, siyan (wani irin shuɗi), majenta (ja mai ruwan hoda) da rawaya. L805 da L1800 shida ne, da ƙarin siyan da majenta masu haske, kuma dole ka sayi shidan daga kamfani ɗaya. Nan ne mutane suka fi yi wa kansu ɓarna. Rawaya ta ƙare, a shiga kasuwar Terminus a sayo duk wadda aka samu a zuba a kan tsohuwa. Kaurin tawadar kamfanoni ba ɗaya ba ne, haka sinadaransu. In suka haɗu a tanki suna iya yin gudaji su toshe hed, in ma ba su toshe ba kala za ta sauya. Zaɓi wadda ka tabbata za ka riƙa samunta, ka tsaya a kanta. SubliNova ta InkTec sananniya ce, amma ni ba sunan ne ya fi damuna ba. Ka tambayi mai sayarwa ko yana da furofayil ɗin ICC na wannan tawadar a kan samfurin firintarka. Shi ne fayil ɗin da ke daidaita kala a Photoshop ko CorelDraw. In babu shi, ja ya koma ruwan lemo, fuskar amarya ta fito kore-kore, ka yi ta zargin tawada alhali ba laifinta ba ne.

Sauran batun Epson ɗinka da ta riga ta sha tawadarta ta asali mai lamba 103. Sabuwa fil da ba a taɓa zuba wa komai ba ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. In dole wannan ce, a zuƙe tankunan da sirinji, kowace kala da nata, a wanke bututu da damfa (ƴar ma'ajiyar tawada da ke kan hed) da ruwan wanke hed, a zuba sabuwa, a yi Power Cleaning, wato babban wankin da firintar ke yi da kanta, sau ɗaya, sannan ka yi ta buga shafuka cike da kowace kala har ragowar tsohuwar ta fita. Kar ka maimaita wankin babu dalili, yana cinye tawada yana kuma cika soson da ke shan dattin tawada, har firinta ta tsaya cak. Bakin tankin L3210 yana da tsaga ta musamman, sai kwalba mai irin bakin ko sirinji. Kuma ka sani garantin Epson ya tafi daga ranar da ka zuba tawadar wani. Mai son garanti sai ya nemi SureColor F100, wadda dama don wannan aikin aka ƙera ta.

A kan takarda bugun zai fito dushi-dushi, haka yake, sai ya sha zafi kalar ke tashi. Don haka a injin zafi ake gwada tawada. Buga a takardar sabilimeshan, a ɓangaren mai shafi, hoton a juye, saitin takarda a kan Matte. Ɗora a ƙyallen foliyesta fari, digiri 190 zuwa 200 a ma'aunin Salsiyas, daƙiƙa 45 zuwa 60. Kofi kuwa wajen digiri 180 zuwa 190 na kamar minti 3. Baƙin launi za ka duba: in ya koma ruwan ƙasa zafi ko lokaci ya yi yawa, in ya yi kore ko toka-toka bai isa ba. Da sanyin safiyar Jos kofi na janye zafin inji sosai, ka jira ma'aunin ya koma daidai kafin ka fara ƙirga. Auduga zalla ba ta riƙe wannan tawadar, wanki ɗaya ko biyu ta koɗe. A nemi foliyesta kashi 65 cikin ɗari zuwa sama, mai farin launi ko mai haske tunda babu farar tawada. Kofin ma sai mai shafi na musamman, na kasuwa ba ya ɗauka.

Fara da kwalaben mililita 100, kar arha ta sa ka ɗauki lita. Tawadar na kwantawa in ta daɗe, don haka duba ranar ƙarewa, girgiza a hankali kafin zubawa, ka ajiye inda rana ba ta dukanta. A hunturu hed na saurin bushewa, ka riƙa buga Nozzle Check, wato shafin gwajin hed, ko ƙaramin hoto mai duk kaloli bayan kwana 2 ko 3 ko da babu aiki, ka rufe firintar saboda ƙura. Kashe ta da maɓallinta don hed ya koma mazauninsa ya rufu. In wuta ta ɗauke hed yana tsakiya ya kwana a buɗe, washegari zane-zane za ka gani a bugu, saboda haka ka haɗa mata ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke.