Likita, me ya sa maganar fim ke zama daram a kaina?

Tambaya: Likita, ni ɗalibi ne a Jami'ar Jihar Gombe. Maganganun wani fim da na kalla tun ina firamare har yau ina kawo su tiryan-tiryan, amma karatun daren jiya ya bi ruwa. Ko ƙwaƙwalwata ce ta samu matsala? Daga Jekadafari.

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka, lafiyarka ƙalau. Tuna yadda ka kalli fim ɗin nan: kuna cunkushe a ɗaki da ƙannenka, janareta na ruri a tsakar gida, jarumin ya saki magana kowa ya kwashe da dariya. Washegari kai da abokanka kuka yi ta kwaikwayonsa har bakin aji. A cikin ƙwaƙwalwa akwai sashen da ake kira hifokamfus, shi ke ɗaure sabon abu ya zama ajiya. Dab da shi akwai amigdala, wadda ba ta wuce girman ƙwayar gyaɗa ba sosai, kuma dariya, tsoro ko tausayi ke zaburar da ita. In ta zabura, ɗaurin ya fi ƙarfi. Littafinka kuwa ka karanta shi ne kana gyangyaɗi, sau ɗaya tak.

Ita ma maganar da nata sirrin. A 2012 masu bincike a Jami'ar Kwanel ta Amurka sun kwatanta maganganun fim da suka shahara da waɗanda aka manta. Sun ga masu zama a kai kan zo da kalmomin da ba a saba ji ba, cikin jimla mai sauƙi, kuma ana iya ɗauke su a yi amfani da su ko'ina. Ai haka karin maganarmu take.

Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne cikin ranar farko. Alarammominmu sun daɗe da sanin maganin: ba a wanke allo sai an biya, bayan nan kuma ga tilawa. Rufe littafin ka faɗi abin da ka karanta da bakinka, ka sake gobe, ka sake bayan mako. Ka daina kwana a zaune, don cikin barci ne ajiyar ke kankama.

Tambaya: Mahaifinmu ya haura 70. Yana rera waƙoƙin fina-finan Indiya na zamanin samartakarsa ba gargada, amma sai ya ci tuwo ya wanke hannu ya ce ba a ba shi abinci ba. Daga Kumo.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ya taɓa min zuciya. Abin da mutum ya ɗauka tsakanin shekara 10 zuwa 30 ya fi komai daɗewa a kai, kuma cututtukan mantuwa irin su Alzaima sabon ajiya suke fara ci. Saboda haka iya waƙar ba shaidar lafiya ba ce. Ku kai Baba Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe a duba hawan jini, suga, maƙoƙo da ƙarancin bitamin B12, ku tafi da duk magungunan da yake sha a leda. Wasu dalilan suna da magani. In ruɗewar ta zo farat ɗaya, ko baki ya karkace, a ranar za ku tafi. Don Allah kada a yi masa gardama kan tuwon. A ƙara masa kaɗan, a zauna a taya shi waƙarsa.

Tambaya: Yarona ɗan shekara 4 yana maimaita maganar katun kalma-kalma, amma in na kira sunansa ba ya waigowa. Kakarsa ta ce basira ce. Daga Pantami.

Amsa: Maman yaro, kwaikwayo hanya ce da yara ke koyon magana, ba laifi. Rashin waigowar ne ya tsaya min a rai. Ki lura: yana kallon idonki? Yana nuna miki abu da yatsa? Yana neman ruwa da kalmominsa? In babu, a fara gwada jinsa, sannan likitan yara ya duba ko larurar otizim ce, wadda ke shafar magana da cuɗanya da mutane, domin taimako da wuri yana da amfani ƙwarai. Kafin nan ki rage masa waya, kuma duk lokacin da ya faɗi maganar katun ɗin, ki durƙusa daidai tsayinsa ki amsa masa kamar da ke yake.