Tambayi Likita: Sikila, Maleriya da Na'urar Auna Laushin Ƙwayar Jini

Tambaya: Likita, ɗana mai sikila ne. Ƙanena ya ce akwai na'urar da ke auna laushin ƙwayoyin jini. Me ya haɗa laushi da wannan ciwo? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Ai laushin nan shi ne tushen maganar. Faɗin jar ƙwayar jini kusan maikiromita 8 ne, wajen kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashi, amma akwai jijiyoyin da suka fi ta ƙanƙanta, dole ta lanƙwashe kafin ta wuce. A jinin mai sikila, da zarar oksijin ya yi ƙasa sai himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin ƙwayar, ya cure, ƙwayar ta sandare ta koma siffar lauje, ta maƙale. Toshewar nan ce ke tayar da ciwon ƙashin da ke hana ku barci.

Ita na'urar ɗan faranti ne garai-garai, bai kai tafin hannu ba, da siraran magudanai a cikinsa. A 2015 masana a Dresden ta Jamus, ƙarƙashin Jochen Guck, suka fito da wata dabara: ruwa na tura ƙwayoyin ta magudana mai faɗin maikiromita 20, kyamara mai sauri na ɗaukar kowacce, kwamfuta na aunawa. Mai laushi takan miƙe, mai tauri ta wuce yadda take. Fiye da ƙwaya 100 ake dubawa a daƙiƙa guda, kuma ba sai an rina su ba. Sai dai har yanzu galibi aikin ɗakunan bincike ne. Abin da zai amfani yaronki yau shi ne shan ruwa sosai, gidan sauro, da maganin da likitansa ya rubuta.

Tambaya: Za mu yi aure. Na'urar auna laushin nan za ta iya maye gurbin gwajin jinotayif? (Wani matashi daga Maraɗi)

Amsa: A'a, Malam. Mai AS ƙwayoyinsa galibi lafiya lau suke a ido, don haka siffa ba ta isa hujja ba. Nau'in himoglobin ake nema. Akwai dai ƙaramar na'ura mai suna Gazelle, wadda aka gwada fasaharta a Kano, tana rarrabe nau'in cikin ƙasa da minti 10. Ku je amintaccen ɗakin gwaji, ku maimaita a wani, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Tambaya: Wai maleriya ma tana taurara jini? (Wata ɗalibar jinya daga Katsina)

Amsa: Gaskiya ne, 'yata. Ƙwayar cutar maleriya mai suna falsifarum idan ta shiga jar ƙwayar jini takan sa ta yi tauri da danƙo. Saifa, mai tace jini ta tsagogin da ba su wuce maikiromita 2 ba, sai ta riƙe ta, kuma wannan na cikin dalilan kumburin saifa da za ki riƙa tsinta a cikin yara. Wajen gano cutar kuwa, gwajin tsinke da madubin likita sun wadatar.